Yadda zaka kai zanenka Panteka ko masana'anta ya dawo maka kaya na gaske

Yanzu a Kaduna matasa masu zana kayayyaki a kwamfuta sun yi yawa, wani kujera yake zanawa, wani fitila, wata jaka, wani murhu, kuma wallahi in ka ga hotunan sai ka ɗauka gobe za a fara sayarwa. Inda ake tsayawa shi ne wajen wanda zai ƙera. Toh ga yadda nake ganin ya kamata mutum ya bi abin, musamman wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba kuma a nan garin yake so a yi masa.

Kafin ka buɗe kwamfuta ma ka fara zuwa kasuwa. Na san abin zai yi ma wasu banbaraƙwai amma haka ne, ka ɗauki tef ɗinka da ɗan littafi ka shiga Tsohuwar Panteka can wajen Poly, ka zagaya layin masu sayar da ƙarfe da na katako ba don ka sayi komai ba, kawai ka ga me ake samu kullum kuma a wane girma yake zuwa. Falan ƙarfe da filawud da MDF (allon garin katako da aka matse) yawanci ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato wajen santimita 122 da 244. Wannan lissafin kaɗai zai iya tashin sana'arka ko ya kwantar da ita. Misali ka zana ɗan tebur samansa 65 da 65 saboda a ido ya fi maka kyau, a allo ɗaya guda 3 kawai zaka fitar sauran duk ragowa ne da ka biya kuɗinsu, amma da ka mai da shi 60 da 60 guda 8 zaka samu cif. Mai saye ba zai taɓa lura da santimita biyar ɗin nan ba, aljihunka ne zai lura. Haka bututun ƙarfe, ka tambayi tsawon da yake zuwa a shagon da zaka dinga saye ka raba ƙafafun kujerarka yadda ba za a bar guntun da ba ya moruwa ba. Sannan kauri, kar ka yarda da "mai kauri ne" na baki, ka ce milimita nawa, 1.2 ne ko 1.5 ko 2, in da hali ka sayi ɗan abin auna kauri naka na kanka ka saka a aljihu don ana sayar da ƙarfe da sunan geji ɗaya alhali bai kai ba.

Sai neman wanda zai yi aikin. Mutane da sun ji an ce masana'anta sai hankalinsu ya tafi Kakuri da Kudenda, manyan gine-gine da get da masu gadi. Gaskiya ne Kaduna garin masana'antu ne tun asali, masaƙar KTL ta fara aiki tun 1957, kamfanin haɗa Peugeot ya zo a 1975, sai dai yawancin masaƙun sun rufe tun shekarun 2000, waɗanda kuma suke aiki a manyan kamfanoni ba za su tsayar da layinsu don guda ashirin ɗinka ba. Kai a matakin farko masana'antarka ita ce mai walda da mai lanƙwasa falan ƙarfe da mai injin tonin (injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi) da masu zubin alminiyom da kafinta da mai fenti, kowa da rumfarsa, kai ne zaka zama zaren da ya haɗa su. Da yawa daga cikin dattawan da ke waɗannan rumfuna ko iyayen gidansu sun taɓa aiki a manyan kamfanonin nan, shi ya sa zaka ga mutum ba ya karanta zanen kwamfuta amma da ya taɓa ƙarfe da yatsa zai gaya maka zai ɗauki nauyi ko ba zai ɗauka ba.

Wajen zaɓe kar ka kalli wanda ya fi iya magana. Ka kalli aikin da ya gama yana jiran mai shi, ka juya shi ka duba ƙasa da ciki inda ba a gani, nan ne zaka san hannunsa. Waldar a jere take ko ɗigo-ɗigo ce aka cike da bodi fila aka shafe da fenti? In kujeru shida ya yi ka jera su ka ga ko tsayinsu ɗaya. Wanda ya iya yin abu guda ɗaya mai kyau daban, wanda zai maimaita shi sau hamsin iri ɗaya daban, kai kuma na biyun kake nema.

Yadda zaka shiga wajen ma yana da muhimmanci fiye da yadda 'yan boko suke zato. Ka yi sallama, ka gaisa da maigidan shago da kyau, ka gaida yaran, a ba ka benci ka zauna. Kar ka zaro laftof tun daga bakin ƙofa kana bayani kamar ka zo koyar da su. "Baba, wani ɗan aiki ne na kawo ku duba mani, ku da kuka san ƙarfe, in akwai inda ba zai yiwu ba ku gaya mani." Da wannan zaka ji abin da ba zaka ji ba in ka zo da izza. Zai iya ce maka "Injiniya, wannan lanƙwasar taka injinmu ba ya yin ta, amma in ka yarda a yanka nan a haɗa zai fito kusan haka," kuma sau da yawa shawararsa ta fi taka araha da ƙarfi. Ba kullum ba dai. Wani lokacin "ba ya yiwuwa" ma'anarsa ban saba ba ko kuma zai ci mani lokaci, toh a nan sai ka lallaɓa ka ce a gwada a guntun ƙarfe kai zaka biya.

Kuma ka zo da abin da hannu zai taɓa. Ka yanka kwali ka haɗa shi da salatif daidai girman abin na gaske, ko ka buga zanen a takarda girmansa ɗaya da kayan yadda za a shimfiɗa a kan ƙarfe a bi layi da alli. Awo kuma ka tsaya a kan ɗaya, in da inci shagon suke aiki ka mayar da komai inci tun daga gida, haɗa inci da santimita a takarda guda shi ne hanya mafi sauri ta ɓata allo sukutum.

Bari in ɗauki murhun gawayi a matsayin misali don ya haɗa ƙarfe da yumɓu, kuma kasuwarsa na nan tunda gas ya yi tsada. Dabarar ba sabuwa bace, a Kenya tun shekarun 1980 suke da irinsa da suke kira jiko, jikin ƙarfe ne a waje ciki kuma kaskon yumɓu mai huda-huda da ke riƙe zafi yadda gawayi kaɗan zai yi girki. Ɓangaren ƙarfen ba wuya, kowane mai lanƙwasa a Panteka zai yi. Abu ɗaya dai, kar a sa farin kwano mai rufin zinki a inda wuta ke taɓawa, hayaƙin da yake fitarwa in ya yi zafi sosai yana sa mutum zazzaɓi da ciwon ƙirji, mai waldar ma da ke haɗa shi yana shaƙa. Baƙin falan ƙarfe ya fi.

Kaskon ne aikin. Yumɓu kowane rami da halinsa, na wani wajen yana da danƙo sosai ya tsage in ya bushe, na wani yashi ya yi masa yawa ya ruguje. Don haka kafin ka je wajen masu ginin tukwane da odar kasko ɗari, ka fara da 'yan faifai ƙanana kamar tafin hannu. Ka kwaɓa kashi-kashi, wani yumɓu zalla, wani ka zuba masa garin katako daga wajen masu yankan katako, wani ƙaiƙayin shinkafa, wani dakakken fasasshen tukunya da aka riga aka gasa, kowanne ka auna da gwangwani ɗaya ka rubuta lambarsa a jikinsa da tsinke tun yana ɗanye, in ba haka ba bayan an gasa duk kamarsu ɗaya ba zaka gane wanne ne wanne ba. A kan kowanne ka ja layi mai tsawon santimita 10 daidai. In ya bushe ka auna, in an gasa ka sake aunawa. Layin da ya koma 9 ya gaya maka yumɓun nan yana tsukewa da kashi 10 cikin ɗari, ke nan dole mazubin kaskonka ya fi girman da kake so da kusan haka, in ba haka ba kasko zai dinga rawa a cikin ƙarfen. Garin katakon yana ƙonewa a wuta ya bar ƙananan ramuka, su ne ke sa kaskon ya yi sauƙi kuma ya riƙe zafi, amma in ya yi yawa da yatsa ma zaka murƙushe shi, dakakken tukunyar kuma shi ke rage tsagewa. A inuwa ake shanyawa a hankali, in ka saka a rana ko iskar hunturu ta buge shi waje zai bushe ciki na ɗanye sai ya dare. Waɗanda suka tsira sai ka yi musu gwajin mugunta, ka hura gawayi a kai ya yi ja sannan ka yayyafa ruwa, don haka za a yi masa a gida, miya zata zube a kai, wata ma da ruwa zata kashe wutar. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

In abin ya fi ƙarfinka akwai inda ake tambaya. A ABU Zariya akwai sashen zanen kayan masana'antu da suke koyar da aikin yumɓu da saƙa, suna da wajen gashi da ake iya sanin zafinsa, a Samaru kuma akwai cibiyar NILEST ta harkar fata, ga Kadpoly nan a cikin gari da injinan da ba kowane shago ke da su ba. Ka je da samfurinka a hannu da tambaya takamaimai, an fi sauraron mai wannan a kan wanda ya zo da "ina da wani aidiya".

Zubin alminiyom shi ma wani waje ne da masu zane ba su cika amfani da shi ba alhali yana da daɗin wasa. Masu zuba tukwanen nan da ludayi a cikin ƙasa duk abin da ka kawo musu siffarsa zasu iya danna shi a ƙasar su cire su zuba narkakken alminiyom, wanda ke narkewa a wajen digiri 660, shi ya sa gawayi da mafici ma ke isa. Marikin ƙofa, ƙafar tebur, gindin fitila, tambarin kamfaninka, duk suna yiwuwa. Siffar zaka iya sa kafinta ya sassaƙa da katako ko ka buga ta a injin 3D, sai dai robar da aka fi bugawa da ita tana fara laushi tun wajen digiri 60, in ka bar ta a mota a rufe da ranar watan Maris zaka dawo ka tarar ta lanƙwashe. Ka sa gefunan siffar su ɗan karkata yadda zata zame daga ƙasar ba tare da ta rusa ramin ba, ka guji wajen da ya yi siriri sosai kusa da wajen da ya yi kauri, kuma ka ɗan ƙara girma don ƙarfen na tsukewa in ya huce. Gargaɗi ɗaya da ba wasa a ciki, in abin da zaka yi zai taɓa abinci ne toh ka san me aka narka. Tarkacen da 'yan gwangwan ke kawowa akwai kayan inji da lagireto da sauransu da kan zo da dalma, ita kuma dalma guba ce musamman ga yara. Ka sayi alminiyom mai tsabta da kanka ka tsaya a narka a gabanka.

Katako matsalarsa a Kaduna yanayi ne. Abin da aka haɗa da ɗanyen katako a watan Agusta ana tsakiyar ruwa, in Disamba ta zo da hunturu zai tsage ko ya murɗe, durowar da aka yi daidai-wa-daida da rani kuma da damina sai ta ƙi buɗuwa. Mai katako kullum zai ce maka busasshe ne. Ka yanki guntu ka ɗora a sikeli ka rubuta, bayan kwanaki ka sake, in nauyin na raguwa har yanzu ruwa na fita. Maɗaci da kawo suna da ƙarfi da kyau amma da tsada da nauyi, malaina ta fi sauƙin samu da sauƙin aiki, don samfurin farko ita ta fi.

Fata kuwa ka goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a kai, in ya ɗauko launi toh haka zata yi ma farar shaddar mai saye. Wadda aka jeme da bagaruwa tana da jiki kuma tana ƙara kyau da tsufa, sai dai ka shinshina, in jimar bata yi ba da damina warin zai tashi. Fenti ka tsaga shi da reza gicciye ka manna salatif ka fizge, in ya biyo toh ba a goge tsatsa ba ko ba a sa jan fenti na ƙasa ba.

Roba ce nake ce ma mutane su yi haƙuri da ita tukuna. Kamfanin roba, na nan ko na Sharaɗa da Bompai a Kano, sai an sassaƙa maka mazubin ƙarfe na musamman, kuɗinsa kaɗai na iya cinye jarinka gaba ɗaya, kuma dubbai ake bugawa ba gomomi ba, in kuma ka gano kuskure bayan an yi mazubin shikenan. Ka fara sayar da na ƙarfe ko na katako ka ga kasuwa ta karɓa. In kuma gwajin narka tsohuwar roba kake so ka yi da kanka, ka duba lambar da ke gindin kayan, 2 da 5 su ne masu sauƙin sha'ani kuma suna yawo a saman ruwa, lamba 1 ta gorar ruwa da lamba 3 nutsewa suke, ita lamba 3 ɗin kar ka kuskura ka kai ta wuta don hayaƙinta mugu ne. Kuma kar a haɗa iri biyu a tukunya ɗaya, ba sa kama juna.

Maganar kuɗi. Samfurin farko zai yi tsada, wani lokacin ninki biyu ko uku na abin da kake sa ran sayarwa, kar ka yi ta ciniki a kansa har ran mutum ya ɓaci, lokacinsa da tunaninsa kake saye. Ka gaya masa gaskiya tun farko cewa za a yi a ɓata a sake, kuma kowanne zaka biya. In an kai ga wanda ya yi sai a yi guda biyu iri ɗaya sak, ku sa hannu da alƙalamin maka a jikinsu, ɗaya a shago ɗaya a wajenka, duk wata gardama ta gaba a kansu za a koma ba "ai haka ka ce" ba. Daga nan ka biya a yi maka abin ɗora aiki, wato ɗan firam da ake jera ƙarafan a ciki kafin a yi walda yadda ko yaron shago ne ya haɗa zai fito daidai, da faranti mai hudojin da za a dinga bi ana hudawa. A rubuta cewa naka ne kai ka biya.

A rubuta komai ma dai, ko a littafin shago ne ka ɗauki hoto ka tura masa ta WhatsApp, guda nawa, nawa kowanne, wa zai sayi kayan aiki, yaushe za a karɓa, wanda ya lalace wa zai ɗauka. Ni na fi son in sayi kayan aiki da kaina in biya ladan aiki daban, ya fi wahala amma ka san kaurin da aka sa maka. Kafin alƙalami a ba da, hakkinsu ne, amma kar ka biya duka, kuma kar ka karɓi hamsin rana ɗaya, a yi goma ka duba a gyara sannan a ci gaba. Ranar da aka ce maka ka zo kuma ka ƙara mata kwanaki a ranka kafin ka yi ma kwastoma alkawari, wuta na iya ɗaukewa yini guda, fenti ba ya bushewa da wuri da damina, tela ko baduku kuwa in azumi ya raba tsakiya kar ma ka fara, sai bayan sallah. Zuwa da kai shi ke sa aiki tafiya, wanda ke leƙowa ya zauna ya sayi ruwa ma yara aikinsa ake fara ɗauka, mai bugo waya daga ofis yana "ya ake ciki" shi ne na ƙarshe a layi.

Za a kwaikwayi kayanka, wannan ka sa a ranka, in ya karɓu ba za a daɗe ba zaka ga ɗan'uwansa a bakin titi da rabin kuɗi. Doka ta ba ka damar yin rajistar siffar kaya a ofishin rajista da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya a Abuja, kariyar shekara 5 ce ana sabuntawa sau biyu, amma sharaɗin shi ne abin ya zama sabo, don haka kafin ka baza hotuna a Instagram ake yi ba bayan ba. A aikace dai abin da ya fi tsare ka shi ne ka raba aikin, jikin a wannan shago, kaskon ko fatar a wancan, haɗawar ƙarshe da duba inganci a wajenka, sirrin kwaɓin yumɓun kuma ya tsaya a littafinka. In ka fara shiga manyan kantuna zasu nemi rajistar CAC da shaidar ingancin kaya ta MANCAP daga hukumar SON, gara ka fara bin hanyarsu da wuri.

Kafin ka ce kaya sun gama ka ba mutum biyar su yi amfani da su a gida ba tare da ka yi musu bayani ba, masu girki na gaske in murhu ne, ba abokanka da zasu ce "kai ya yi kyau" ba. Ka koma bayan sati biyu ka duba inda ya yi baƙi, inda ya lotsa, inda aka ɗaure da waya, ka tambaya wace tukunya ce ta ƙi zama a kai. Sannan ka naɗe guda ɗaya yadda zaka aika ma kwastoma, ka kai tashar Kawo ko Mando ka ba direba ya kai ma wani naka a Kano ko Abuja a but tare da sauran kaya, a turo maka hoton yadda ya isa. In kaskon ya fashe a hanya ko fentin ya goge, kwalin ma sai ka zauna ka zana shi, kuma kuɗinsa ya shiga farashi tun kafin ka sanar da kowa nawa ne.